Amanar Icce da Ƙasa da Ruwa

Wannan jawabi wani mushen lakwal ne ya yi shi gaban ƴan kwamiti, ran kasuwa da maraice bayan an tashi ciniki. Mun buga shi don sakataren kowane kwamiti ya karanta wa jama'a da babbar murya, har wanda bai yi boko ba ya ji. In an gama a miƙa takardar ga na gaba.

Dattawa, malamai, iyayenmu mata, ƴan kwamiti, samari da ƴan mata, ina gaishe ku, ina yi muku barka da cin kasuwa. Ni yaro ne a cikinku. Akwai waɗanda sunka haife ni zaune bisa tabarmar nan, in na yi kuskure a gyara mini. Shugaban kwamiti ne ya ce in tashi in yi magana, shi ya sa na tashi.

Ran Litinin da ta wuce wata yarinya ta zo lakwal rana ta yi sama. Na tsare ta bakin ƙofa ina faɗa. Ta ce: Mushe, icce munka tafi ni da inna tun asuba, sai yanzu munka komo. Na tambaye ta abin da sunka samo. Ta ce kara ne da kashin shanu da ƴan saiwoyi. Kunya ta kama ni, na ce ta shiga ta zauna. Da za a tashi na ce wa yara kowa ya tambayi kakarsa inda ake yin icce lokacin tana budurwa. Washegari amsa ɗaya sunka kawo: bayan gari, ana jin kiran sallah daga wurin. To, jama'a, tsakanin kaka da jika daji ya yi tafiyar rabin yini. A kan wannan zan yi magana.

YADDA MUNKA ZO NAN

Kakanninmu sun san darajar icce. Ku dubi sunayen garuruwanmu: wani Magarya, wani Kalgo, wani Tsamiya. A Damagaram har yau ana ba da labarin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, yadda ya sa hukunci mai tsanani ga duk wanda ya sare gawo. Manomi na da in gona ta gaji sai ya bar ta saura shekara da shekaru, ta huta, sabara da kalgo su rufe ta.

Da Faransawa sunka zo, sai sunka yi dokar daji ta 4 ga Yuli 1935. Dokar ta ce dajin da ba shi da mai shi a takarda na gwamnati ne, ta kuma jera itatuwan da ba a taɓawa sai da izini. Bayan ƴancin kai na 1960, dokar daji ta 1974 ta bi sawun waccan. Mutum ya sassabe reshe cikin gonar da ya gada, ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. Me kuke tsammani talaka zai yi? Da ya ga ɗan gawo ya tsiro sai ya sa masa hauya tun ba wanda ya gani, don kada gobe ya zame masa shari'a. Ga lanho kuma sai da kuɗi, kuɗi sai da gujiya, gujiya sai da sabon fili. Masu koyar da noma sunka ce a tuge kututture don garmar shanu ta wuce, anka ce gona mai tsabta ita ce wadda ba icce ko ɗaya.

Kada mu ɗora wa baƙo laifi duka. A 1960 mutanen Nijar wajen miliyan 3 ne. Ƙidayar 2012 ta samu fiye da miliyan 17, yau mun haura miliyan 25. Gona ba ta haihuwa, mu ke haihuwa. Saura ta ƙare, gatari bai huta ba.

Sai fari ya zo. Tsofaffi na da labarin Kakalaba ta 1913 da 1914. Na bayansu sun ga 1973 da 1974, lokacin da garken Fulani da Buzaye sunka ƙare a hanya. Sannan 1984, yunwar da mutanen Maradi ke kira El Buhari, don ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. A shekarun nan mutum kan yi shuka sau 3 ko 4, iska na binne tsiro da rairayi, don babu abin da zai tare ta. Tafkin Cadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya janye har bai kai kashi 1 cikin 10 na girmansa ba a tsakiyar shekarun 1980.

Yanzu kuma ga zafin duniya yana ƙaruwa saboda hayaƙin man fetur da kwal. Afirka gaba ɗaya wajen kashi 4 cikin 100 take fitarwa na wannan hayaƙi, amma mu ke shan wuyarsa. Ruwa ya ƙi zuwa kan lokaci, in ya zo ya zo da ɓarna. A watan Satumba 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19. Haƙƙinmu ne mu faɗa wa manyan ƙasashe gaskiya. Amma ba su za su zo su raina gawon gonarmu ba.

Ina da dalili 3 da za su sa mu gyara zamanmu da ƙasa. Na farko addini, na biyu haƙƙin mutane, na uku aljihu.

DALILI NA FARKO: ADDINI

A nan ina neman gafarar malamai, abin da na ji daga bakinsu shi zan maimaita. Sun karantar da mu a Suratul Baƙara cewa Allah ya sa ɗan Adam halifa a bayan ƙasa. Halifa wakili ne. Wanda anka ba jiran gona ba shi ne mai gona ba, ranar da mai ita ya zo sai ya ba da lissafi. A Suratul A'araf kuma an halatta mana ci da sha, an hana mu almubazzaranci, an hana mu ɓarna cikin ƙasa bayan an gyara ta.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da cewa wanda ya dasa icce, duk abin da ya ci daga gare shi, ko mutum ko tsuntsu ko dabba, ana rubuta masa ladan sadaka. Ku yi lissafi da kanku. Tsamiya ɗaya bakin hanya, matafiya nawa za su sha inuwarta, awaki nawa, ƴaƴanta kunu nawa za su dama? Mai ita yana kabari lada na bin sa. Talakan da ba shi da kuɗin gina masallaci yana da ikon wannan sadaka.

An hana ɓarnar ruwa ko a alwala, ko da mutum bakin gulbi yake. An hana yin bayan gida a inuwar da mutane ke hutawa, da kan hanya, da mashaya. An ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, da wanda anka gafarta wa saboda kare mai ƙishirwa da ya shayar. Sayyidina Abubakar da ya tura runduna Sham ya hore su kada su sare icce mai ƴaƴa, kada su yanka dabba sai don ci. Wannan fa a yaƙi ne, a ƙasar abokan gaba. Mu da ke zaman lafiya a ƙasar ubanninmu, wane uzuri gare mu? A Madina ma an keɓe makiyaya da ake kira hima, ba mai mallakarta shi kaɗai. Ke nan gandun daji ba Nasara ya fara kawo shi ba.

Wani zai ce: ruwa na Allah ne, in ya so ya ba mu, in ya so ya hana. Gaskiya ne, ba mai musun wannan. Amma wa ya taɓa barin rumbunsa buɗe da dare ya ce ya dogara ga Allah? Ana ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Muna fita roƙon ruwa, Allah ya amsa, ruwan ya sauka bisa fako ya gudu cikin kwazazzabo cikin sa'a ɗaya, don mun tone duk abin da zai riƙe shi. Wanda ya roƙi fura ya miƙa ƙwarya fasasshiya, kada ya ga laifin mai bayarwa.

Maƙwabtanmu Kirista, littafinsu ya ce an sa mutum cikin gona don ya nome ta ya kuma tsare ta. Arna na da ba su sare tsamiya ko kukar da suke girmamawa. Duk inda ka juya, ba addinin da ya ce a kashe ƙasa.

DALILI NA BIYU: HAƘƘIN MUTANE

Wanda ya sare icce ba shi ke biyan kuɗinsa ba. Mace ke biya, da wuyanta da ƙafarta. Yarinyar da na ba ku labari ke biya, da karatunta. In icce ya ƙare aka koma ƙona kara da kashin shanu, an ɗauki abincin gona an sa a murhu, sai baɗi gona ta rama.

Makiyayi ma yana biya. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa don a bar wa bisashe wurin kiwo. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, ta tsare burtali da mashaya. Duk da haka wani kan ci burtali taƙi ɗaya bana, taƙi ɗaya baɗi, har shanu su rasa hanya sai cikin hatsi. Ku tuna Toda, a ƙasar Maradi, watan Oktoba 1991. Rikicin gona da kiwo ya ci rai fiye da 100, yawancinsu mata da yara na Fulani. Da can Bafillace kan sauka gonar Bahaushe bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, a yi musayar nono da hatsi. Ƙasa ce ta ƙuntata, zumunci ya ƙuntata tare da ita.

Sannan akwai waɗanda ba su zo ba tukuna. Kukar da muke miya da ita, wanda ya raine ta bai san sunanmu ba. Ba mu biya shi ko dala ba. Bashin nan ba a mayar da shi baya, gaba ake biyansa. In jikanmu ya tambayi mene ne kirya, mene ne madaci, aka rasa wanda za a nuna masa, mun ci amana.

Har namun daji na da haƙƙi. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, sun ragu har sunka koma 49 a 1996. Da mutanen wurin sunka tsare su, sai sunka haura 600, har a 2018 anka ɗauki 8 anka kai gandun Gadabeji da ke ƙasar Maradi. Abin da anka tsare yana komowa.

DALILI NA UKU: ALJIHU

Na san abin da ke zuciyar wasu. Suna cewa: Mushe yana da albashi, mu yunwa muke ji, mai yunwa ba ya jiran icce ya girma. To, ku ji abin da ya faru a ƙasarmu, ba a Turai ba.

A 1983 wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Toni Rinaudo, ma'aikacin mishan a Maradi, ya gaji da dashen da ke mutuwa. Sai ya lura cewa ƴan tsire-tsiren da ake sassabewa kowace bazara, tohon kututture ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In an bar musu reshe kaɗan anka rage sauran, sai su tashi da sauri, don tsohuwar saiwa ke ciyar da su. Wannan shi ne sassaben zamani. Manoman da sunka fara an yi musu dariya, an ce ƙazaman manoma ne. A yunwar 1984 anka haɗa shi da rabon abinci, da rabo ya ƙare da yawa sunka sare nasu. Waɗanda sunka bari, su sunka fara samun icce da harawa da hatsi, maƙwabta sunka gani sunka kwaikwaya. A ƙasar Magarya da Matamaye da Mirya kuwa, manoma da kansu sunka cika gonaki da gawo. Masu bincike da sunka gwada hotunan sama na da da na baya sun lissafa a 2009 cewa wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, da ƙarin abinci wajen tan 500,000 kowace shekara. Talakawa sunka yi wannan da adda da lauje.

Ku dubi gawo. Yana zubar da ganye da damana, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen kuma ya zama taki. Da rani ya yi kore, bisashe su kwanta ƙarƙashinsa su ci ƴaƴansa su bar kashi. Kowa a nan ya san zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili. Takin zamani sai da kuɗi kowace shekara, gawo kuwa kyauta yake yi har ya tsufa. Matan Mirya na sayar da kuka. Mutanen Gulbin Kaba na cin abinci da kabar goriba, tabarma da igiya da faifai. Magarya da aduwa da ƙaro duk suna da ranarsu a kasuwa. Shekarar da hatsi bai yi ba, mai icce ya sare reshe ya sayar ya auno tiya, wanda ba shi da shi sai ya sayar da akuya ko ya kama hanyar cin rani.

A kwarin Majiya, ƙasar Buza, tun 1975 anka dasa layukan dogon yaro don tare iska, hatsi ya samu sauƙi, mutane sunka samu azara. A Keita aikin gyaran ƙasa ya fara a 1984, yawancin masu ɗaukar dutse mata ne, don maza sun tafi bida. A 1989 manoman ƙasar Illela sunka je Yatenga ta Burkina Faso sunka gano tassa: a haƙa ƴan ramu bisa fako da rani, a zuba taki, gara ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru ciki, a shuka. Fakon da ko kyauta ba a karɓa ya koma ana sayensa da kuɗi.

Doka ma ta sake. A taron Maradi na watan Mayu 1984, zamanin Seyni Kunce, anka yarda sai da hannun talakawa za a yaƙi hamada. A 2004 anka yi sabuwar dokar daji. A 2020 anka fitar da doka kan sassaben zamani, wadda ta amince iccen da manomi ya raina cikin gonarsa shi ke da amfaninsa. Tsoron da ya sa kakanninmu kashe ɗan gawo ba shi da wuri yanzu.

Wani zai ce icce na tara tsuntsaye. I, yana tarawa, amma wasunsu tsutsa da fara suke ci. Wani zai ce zan raina, ɓarawo ya sare da dare. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce babbar matsala. Mutum ɗaya ba ya maganinta. A Ɗan Saga, ƙasar Agye, gari ne ya kafa kwamitin tsaro, da maza da mata da makiyaya a ciki, anka yanka tara ga mai sata, sata ta ragu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

ABIN DA KOWANE KWAMITI ZAI YI

1. Bazarar bana kowane ɗan kwamiti ya fara da gonarsa. A kowane kututture ya zaɓi toho mafi ƙarfi, daga 2 zuwa 5, ya sare sauran da adda mai kaifi, sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Ya rage rassan ƙasa, ya ɗaura tsumma don a san mai shi ya bar shi da gangan. Ya riƙa komawa yana gyarawa.

2. A je wurin mai gari da liman da ardo, a zauna a yanka dokar gari kan saran icce da cin burtali. A faɗe ta ran kasuwa kowa ya ji.

3. A roƙi malamai su sa maganar nan cikin huɗuba da wa'azi kafin damana.

4. Mata su shiga kwamitin da bakinsu, don su sunka fi kowa sanin inda icce ya ƙare. A koya wa juna ginin murhun laka mai tsimin icce. Ƴan birni masu hali su koma gaz.

5. A daina sa wa daji wuta don farautar gafiya ko zomo. A share hanyar tare wuta kewayen makiyaya bayan damana.

6. Leda. An hana shigo da ita da doka tun 2014, amma ga ta bisa kowace ƙaya. Tana toshe magudanar ruwa, tana kashe awaki, mahauta sun san abin da suke tararwa cikin tumbi. Mai zuwa kasuwa ya riƙo kwando ko ƙwarya.

7. Tun 1975 ake dashen itatuwa ran 3 ga Agusta, ranar da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960. Dashe ba wuya, raino ke da wuya. Kowane icce a ba shi mai shi da suna, a yi masa shinge, a ƙirga masu rai ran 3 ga Agusta mai zuwa, a aiko da lissafi.

Ni ma na ɗauki nawa. Yaran lakwal kowa zai raini icce ɗaya a fili, ita kuma yarinyar nan na ba ta magarya ta bakin ƙofa, wurin da na tsare ta ina faɗa.

Dattawa, na yi tsawo, ku gafarce ni. Wanda ke da tambaya ko gyara ya tashi ya faɗa, sakatare na rubutawa. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kiyashe mu da fari da fara da ambaliya, ya sa mu sauke amanar da ya ɗora mana.